Ɗorugu da Abbega: baƙi biyu a gidan Bature

Samarin Gangara da ke haɗa kuɗin hayar ɗaki guda a Sabha ko Tamanrasat, suna tuƙa tuwo a tukunya ɗaya don kada su manta gida, ba su ne farau ba. Hanyar da suke bi ta Damargu zuwa Agadas tsohuwa ce. Ta nan Bajamushen nan Heinrich Barth ya gangaro a watan Janairu na 1851, kuma tafiyarsa ce ta kai wasu samari biyu Ingila.

Ɗorugu Bahaushe ne, haifaffen Dambanas kusa da Kance. An kama shi yana yaro, bauta ta kai shi Kukawa ta Barno. Abbega kuwa ɗan ƙabilar Margi ne. Overweg, abokin tafiyar Barth, shi ya ƴanta su. Da ya rasu a 1852, suka bi Barth har Tumbutu, suka ƙetare hamada, suka sauka Landan a Satumba 1855.

Daga baya wani limamin Kirista, James Frederick Schön, ya riƙe su a gidansa a Chatham. Ba ƙabilarsu ɗaya ba, amma a garin babu wanda ya san zafin bauta da ƙishin Sahara sai su biyu. Abin da mai gidan yake nema a wurinsu shi ne Hausa: Ɗorugu yana faɗi, shi yana rubutawa. Yaron ya ba da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, har da yadda ya ga Turawa suna cin abinci da irin suturar matansu. Wanda aka ajiye don a nazarci bakinsa, ashe shi ma yana nazarin masu gida. Daga wannan zama aka sami nahawun Hausa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango, alhali yawancin maganar ta Ɗorugu ce.

An yi musu baftisma, an ba su sunayen Turawa, amma Ingila ba ta zama gida ba. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga bisani ya yi sarautar Lakwaja. Ɗorugu ya daɗe kafin ya biyo baya. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, a Kano, inda ya rasu a 1912.