Benazir Bhutto

Benazir Bhutto (1953–2007) 'yar siyasar Pakistan ce da ta shugabanci jam'iyyar PPP, kuma mace ta farko da ta zama firayim minista a ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye. A Karachi aka haife ta, ta yi karatu a jami'o'in Harvard da Oxford.

Mahaifinta, Zulfikar Ali Bhutto, shi ya kafa jam'iyyar a 1967. Janar Zia-ul-Haq ya hamɓarar da gwamnatinsa a 1977, aka rataye shi a 1979. Daga nan ɗawainiyar jam'iyya ta faɗo wa Benazir da mahaifiyarta Nusrat. Ta sha ɗaurin talala, ta kwana a kurkukun Sukkur cikin tsananin zafi, sannan ta yi gudun hijira zuwa Landan. Da ta dawo a 1986, Lahore ta cika maƙil da masu tarbarta.

Ta hau mulki a 1988 tana da shekara 35, ta sake hawa a 1993. Duka biyun shugaban ƙasa ne ya sauke gwamnatinta, bisa zargin rashawa da ya fi shafar mijinta, Asif Ali Zardari. An kashe ta a Rawalpindi ranar 27 ga Disamba, 2007, tana fitowa daga gangamin yaƙin neman zaɓe.