Kwamfuta da Manyan Gwanayen Ches: Tarihin Wata Tambaya

Gabatarwa

Wasan ches, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ba baƙo ba ne a wannan yanki namu, domin an daɗe ana buga wani nau'insa a fadar Borno da sunan tsatsarandi. Sai dai a ƙasar Hausa dara ce aka fi sani, haka kuma a Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta Yawunde, dam ya fi ches shiga jama'a. Wannan rubutu zai bibiyi wata tambaya da masana suka shafe fiye da shekara arba'in suna jayayya a kanta: shin kwamfuta tana iya buga ches da ƙarfin babban gwani? Babban gwani muƙami ne da hukumar ches ta duniya, FIDE, ta fara bayarwa a 1950, kuma a yau sai ɗan wasa ya kai maki 2500 a ma'aunin Elo, ya cika wasu sharuɗɗa a gasa, kafin a naɗa shi.

Daga Ruɗu Zuwa Lissafi

A 1770 wani Bature mai suna Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Biyana wani mutum-mutumi mai rawani da ke buga ches yana cinye mutane. Daga baya asiri ya tonu: akwai ɗan wasa ɓoye a cikin akwatin. Aikin gaskiya ya soma a 1950, lokacin da Claude Shannon na Amurka ya bayyana yadda na'ura za ta yi wasan. Dabarar ita ce ta jero duk motsin da take iya yi, da duk amsar da abokin karawa zai iya bayarwa, ta auna kowane matsayi da lamba, sannan ta zaɓi hanyar da ta fi riba. Matsalar ita ce rassan suna ninkuwa da sauri, domin a kowane mataki ɗan wasa yana da zaɓi kusan talatin. Saboda haka kwamfutocin farko ba sa hangen nesa, kuma gwanaye suna yi musu kallon yara.

A 1968 David Levy, ɗan wasan Birtaniya, ya yi caca cewa babu kwamfutar da za ta doke shi cikin shekara goma. Ya ci cacarsa a 1978 a Toronto, inda ya rinjayi manhajar Chess 4.7. Duk wanda ya ce a'a a wancan lokaci ya faɗi gaskiya.

Shekarun Juyi

A 1988 na'urar Deep Thought, wadda ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta doke babban gwani Bent Larsen na Denmak a cikin gasa. Amma a shekara mai biye Garry Kasparov, zakaran duniya, ya lallasa ta a wasanni biyu. Kamfanin IBM ya ɗauki aikin, ya fito da Deep Blue. A watan Fabrairun 1996 a Filadelfiya na'urar ta ci wasan farko, duk da haka Kasparov ya gama da ita da maki 4 da 2. A watan Mayun 1997 suka sake haɗuwa a New York, wannan karon dara ta ci gida: Deep Blue ta sami uku da rabi, Kasparov biyu da rabi. Na'urar tana duba matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda.

Masu shakka ba su yi shiru ba. Suka ce wasanni shida sun yi kaɗan a yanke hukunci, kuma Deep Blue na'ura ce ta musamman da babu mai irinta a gida, sannan IBM bai amince da sake karawa ba. Hujjojin nan suna da ƙarfi, amma lokaci ya rushe su. A 2005 Hydra ta doke Michael Adams na Ingila da biyar da rabi, shi yana da rabi. A 2006 a birnin Bonn na Jamus, Deep Fritz, manhajar da ake sayarwa a kasuwa, ta rinjayi zakaran duniya Vladimir Kramnik da 4 da 2 ba tare da ya ci ko wasa ɗaya ba. A 2009 Pocket Fritz 4 ta lashe gasa a Buenos Aires tana aiki a cikin wayar hannu. Daga nan jayayya ta mutu. Makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa mafi girma shi ne 2882, na Magnus Carlsen a 2014, kuma manhajar Stockfish, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, ta zarce wannan nesa ba kusa ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Amsar ta haifi matsala da kuma dama. Matsalar ita ce maguɗi. A 2019 aka kama babban gwani Igors Rausis da waya a banɗaki yayin gasa a Strasbourg ta Faransa, FIDE ta ƙwace masa muƙaminsa. A zamanin Kempelen mutum ake ɓoyewa a cikin na'ura, yanzu na'ura ake ɓoyewa a jikin mutum.

Damar kuwa ta fi shafarmu. Afirka kudu da Sahara ba ta sami babban gwanin ches ba sai Amon Simutowe na Zambiya a 2009. Ƙarancin basira ba shi ne dalili ba, ga Jean Marc Ndjofang na Kamaru ya zo na biyu a gasar dam ta duniya a 2013. Abin da aka rasa shi ne ƙwararrun malamai da littattafai da kuɗin zuwa gasa. A yau yaro a Briqueterie ko Fagge yana iya karawa da abin da ya fi Kasparov ƙarfi, ya kuma ga inda ya yi kuskure. Sai dai manhaja tana nuna motsin da ya fi kyau, ba lallai ta fahimtar da ɗalibi dalilinsa ba. Wannan aikin malami ne har gobe.

Kammalawa

Tambayar tana da amsa uku gwargwadon zamani: a'a a 1978, wataƙila a 1988, tabbas tun 2006. Abin da ya sauƙaƙa wa masu ƙira shi ne dokokin ches a rubuce suke, kuma an adana dubban wasannin gwanaye tun ƙarnoni da suka wuce. Darar Hausa kuwa mafi yawan iliminta yana kan tsofaffin da ke haƙa gidaje talatin a ƙasa su jera ƙwaya sha biyu-biyu. Ɗalibin Hausa da ya zauna da su, ya rubuta dokoki da kalmomi da kirarin da ake yi yayin ci, ya yi aikin da babu kwamfutar da za ta yi masa.