Daga Sandar Ƙarfe Zuwa Man Birki: Tarihin Birkin Keke a Kabo da Gwarzo

Duk ranar da kasuwar Getso ke ci, kafin hantsi ya dubi ludayi hanyoyin burji da suka ratsa ƙauyukan Kabo da Gwarzo sun cika da masu keke. Wannan ya ɗauro buhun masara a kariya, wancan damin rake, wani kuma jarkoki har sun rufe tayar baya. A miƙaƙƙiyar hanya ba wanda ke tuna birki. Sai an zo gangaren rafi, kaya na turo mutum daga baya, sannan rai da dukiya ke komawa kan 'yan robobi huɗu da ba su wuce tsawon yatsa ba.

Keke ya bazu a ƙasar Kano ne a bayan jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso birni a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan Turawa suka cika da hajar Ingila. Cikin hajar babu wadda ta shiga ran mutane kamar Raleigh, keken da aka fara ƙerawa a Nottingham a ƙarshen shekarun 1880. Malaman makaranta, malaman gona, ma'aikatan En'e da masu sayen gyaɗa su ne suka fara kai shi garuruwa irin su Kabo da Garo. Manomin da kaka ta yi wa kyau yakan sayi nasa, ya naɗe bodin da leda, ya ɗaura madubi da ƙararrawa, ya je ya yanki lasisi. Kasuwar ta yi ƙarfin da daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a Kano.

Birkin wannan keke na sanda ne. Daga hannun birki siraran ƙarafuna suke sauka, ɗaya zuwa tayar gaba, ɗaya ya bi ƙarƙashin bodi zuwa baya, su ja wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke ɗauke da roba biyu ya matse cikin wili. Komai nasa a fili yake. In ya yi sako-sako, a ɗaure noti. In sanda ta karye, maƙeri ko mai walda ya haɗa ta. In roba ta cinye babu sabuwa, a yanko tsohuwar tayar mota a cusa. Shi ya sa da kekunan Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya suka shigo da araha, da wannan birkin suka zo, kuma mai gyara bai sake ko sifana ɗaya ba.

A kan wannan sauƙin sana'ar gyaran keke ta tsaya. Inuwar darbejiya, famfo, filaya, gam ɗin faci da kwanon ruwan gwada iska sun isa jari. Kusan kowane mai gyara yana da 'yan kekunan haya, a kansu yara suka koyi tuƙi, da yawansu kuma a nan suka fara riƙe sifana kafin su zama kanikawan babur lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika tituna da babura a tsakiyar shekarun 1970.

Amma birkin sanda yana da aibi, kuma masu shi sun sani. Da damina, in wilin ƙarfe ya jiƙe ko ya kwashi taɓo, roba sai ta riƙa santsi. In wili ya ɗan karkace, birki ya riƙa kamawa yana saki. Daga nan aka sami al'adar jan ƙafa a ƙasa ko danna silifa a kan taya, wadda ta jefa mutane da dama cikin kwalbati.

Maganin wannan aibi daga wata duniya ya fito. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Gary Fisher, Joe Breeze da Charlie Kelly, suka fara gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna. A 1976 suka fara tseren Repack. Birkin kekunansu a cikin cibiyar tayar baya yake, kuma zafin gangaren kan ƙone girisin har ya yi hayaƙi, sai an sake cika shi kafin a koma. Wasan ya girma: kamfanin Specialized ya fitar da keken Stumpjumper a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990. Gudu ya ƙaru, birkin waya mai matse wili ya gaza. Kamfanin Magura na Jamus ya kawo birki mai aiki da mai a 1987, Hayes na Amurka ya fito da na faifai a 1997, Shimano na Japan ya yaɗa shi a duniya.

Dabarar birkin faifai ita ce a raba birki da wili. Ana ɗaure faifan ƙarfe a cibiyar taya, nesa da taɓo. Hannun birki yana tura mai ta siririn tiyo, kamar yadda sirinji ke tura ruwan allura. Tun da mai ba ya matsuwa, ƙarfin yatsa ɗaya yakan isa ga fistin ya ninku, su matse faifan ta gefe biyu. Na masu tseren gangare fistin huɗu gare shi, faifansa kuma milimita 200 zuwa 220, domin faɗin ya ƙara kamu ya kuma watsar da zafi. Saiti ɗaya na manyan kan ci ɗaruruwan daloli, kuɗin da zai sayi keken kasuwa fiye da ɗaya.

Ƙasar Kabo shimfiɗaɗɗiya ce, babu mai tseren dutse a cikinta. Duk da haka birkin faifai ya riga ya iso, a jikin kekunan gwanjo masu giya da ake saukewa a Kano. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama sun jingine babur sun koma keke. Yawancin faifan da ake gani na waya ne, mai gyara yana iya lallaɓa shi. Na mai shi ne ke ba da wahala. Iska in ta shiga tiyo, hannun birki sai ya lotsa har ƙasa ba kamu, kuma sai an zuƙe ta da kayan aikinta. Man ma iri biyu ne: Shimano da Magura na aiki da man ma'adini, Hayes kuma da man birki irin na mota, wanda ake kira DOT. In aka zuba wannan a gurbin wancan, robobin ciki su kumbura birkin ya mutu. Ɗigon baƙin mai a kan faifai ma ya isa ya kashe kamu. Saboda haka sau da yawa akan cire birkin gaba ɗaya, keke mai tsada ya koma ana tsayar da shi da ƙafa.

Masu gyaran keke na Kabo da Gwarzo sun rayar da birkin sanda shekara da shekaru da sifana da basira, kuma wannan sabon bai fi ƙarfinsu ba. Abin da suka rasa shi ne horo, kayan zuƙe iska da man da ya dace. Ya kamata ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyoyin masu sana'a su shirya musu bita, dillalan gwanjo kuma su riƙa shigo da kayan gyara tare da kekunan. Mai saye shi ma, kafin ya biya, ya tambayi irin man da birkinsa ke sha da kuma wanda zai gyara masa shi a garinsu.