Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Yadda Darasin Kimiyya Ya Iso Ƙasar Jega

A Liba da sauran garuruwan Maiyama, Jega da Aliero, matashin da ke da babbar waya yana iya sauraron malami yana bayanin yadda jini ke zagaya jiki, ya tsayar da shi, ya mayar da maganar baya, ya sake ji har sai ta zauna. Wannan irin shiri na murya da ake saukewa daga intanet shi ake kira fodkas, akwai kuma mai haɗe da hoto. Mutane da dama na ɗaukar abin a matsayin baƙon da ya sauka jiya. Alhali kai ilimi ga wanda ba ya gaban malami tsohuwar damuwa ce a wannan ƙasa, kuma an gwada hanyoyi da yawa kafin a iso nan.

Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru. Takan koyar da jajoji, wato matan da ke jagorantar 'Yan Taru, darasi a cikin waƙe, su haddace, su koma ƙauyuka su koya wa matan da ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno ba. Ilimin addini da tarbiyya ne, ba kimiyyar makarantar boko ba, amma tsarin ya nuna abin da mutanen yankin suka daɗe da sani: darasin da aka tsara da kyau, aka faɗe shi da harshen mai sauraro, yana yin tafiya mai nisa ba tare da takarda ba.

Na'ura ta fara shigowa cikin lamarin ne da majigi. A ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya na Turawan mulki a Ikko, William Sellers, ya fara amfani da fim don nuna wa jama'a alaƙar ɓera da annoba. A 1939 aka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka, shi ne kuma ya shugabance shi. Daga nan motocin majigi suka bazu cikin Arewa. Mota takan iso gari da injin wutarta, a kafa farin allo a filin ƙofar fadar hakimi, bayan sallar isha'i gari ya taru, mai sharhi ya riƙe amsa-kuwwa yana fassara abin da ake gani da Hausa. Ana nuna tsaftar rijiya, rigakafin cututtuka, yadda ake shuka auduga a layi. Dattawa har yau suna tuna *Baban Larai*, fim ɗin da aka yi don inganta noma. A majigi ne dubban mutanen karkara suka fara ganin sauro an faɗaɗa shi ya cika allo. Sai dai mota takan kwana ɗaya ta wuce, kuma mai tambaya ba shi da wanda zai tambaya da safe. Ga shi kuma hukuma ce ke zaɓen abin da za a gani, shi ya sa wayar da kai da tallan gwamnati suka riƙa tafiya a mota guda.

A ɓangaren rubutu ma an yi yunƙuri. A Zariya, Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta *Ikon Allah*, littafin da ke bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa tsantsa. Wannan aiki ya isa hujja a kan duk mai cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba. Amma masu iya karatun boko a lokacin kaɗan ne, don haka murya ce ta ci gaba da riƙe ragama.

Rediyo ya iso Kano a 1944 ta hanyar akwatunan da ake jona wa waya daga tasha guda. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta biyo da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Da ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha, sai ya shiga gona, ya shiga ruga, ya hau kan teburin mai shayi. Shirye-shirye irin su *Amsoshin Takardunku* sun koya wa mutane cewa ana iya rubuta tambaya a kan husufin wata ko girgizar ƙasa daga ƙauye, a ji masani ya amsa. A Kaduna kuma an kafa sashen watsa darussa ga makarantu, ana raba jadawali, a ce ranar kaza ƙarfe kaza aji kaza ya kunna rediyo. Tunanin mai kyau ne, amma aiwatar da shi ya yi wuya. In batir ya mutu darasi ya wuce. In malami ya makara darasi ya wuce. In yaro bai gane jimla ɗaya ta Turanci ba, mai magana ba zai dakata masa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda Jihar Kebbi ke iyaka da su ta wajen Dosso, sun yi gwajin da ya fi wannan ƙarfin hali. A 1964, da taimakon Faransa, suka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a wasu azuzuwa kusan ashirin a kewayen Yamai. Darasi yana fitowa a allo, wani mai kula da aji wanda bai yi dogon horon malanta ba yana bi da yara. Masana ilimi daga ƙasashe da dama sun zo kallo, sun yaba. Duk da haka shirin bai game ƙasar ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya kwanta. Kuɗin tafiyar da shi yana da yawa, da Faransanci ake yin sa, malaman da aka horar ta hanyar da aka saba kuma ba su taɓa jin cewa nasu ba ne. Wannan batu na ƙarshe ya kamata duk mai son kawo fasaha cikin aji ya riƙe shi da kyau.

Kaset ne ya kawo abin da rediyo ya rasa, wato ikon mayar da magana baya. A shekarun 1970 da 1980 malaman addini suka gane amfaninsa nan da nan. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da ake sa wa a Rediyon Kaduna, da karatuttukan malaman ɗariƙu, duk sun shiga kaset, ana sayarwa a tasha da bakin masallacin Juma'a. Mutum yakan ji karatu ɗaya har ya haddace. A ganina nan ne ilimin boko ya yi babbar asara a Arewa: kasuwa ta buɗe, kunnuwa a shirye, amma da wuya ka samu kaset ɗin da malamin lissafi ko na ilimin halittu ya zauna ya yi wa ɗalibi bayani da Hausa. Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi nata ƙoƙarin da shirin *Don Makiyaya a Ruga* a Rediyon Kaduna tun daga 1996, amma shi ma a iska yake tafiya.

Fodkas kansa a waje aka haife shi. Sunan ya fito a 2004 a rubutun wani ɗan jarida, Ben Hammersley, a jaridar Guardian ta Ingila. A shekarar ce Jami'ar Duke ta Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta na'urar iPod don ta ga ko za ta taimaka wa karatu, a 2005 kuma kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa. YouTube ya zo a wannan shekara, Salman Khan ya fara ɗora darussan lissafi a kai a 2006 bayan ya daɗe yana koyar da 'yan uwansa daga nesa.

Labarin da ya fi kusa da halinmu shi ne na wasu malaman ilimin sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandaren garin Woodland Park da ke jihar Kolorado. Ɗalibansu suna yawan rasa darasi saboda doguwar tafiya zuwa wasannin makarantu. A 2007 sai suka fara naɗar bayaninsu a bidiyo don wanda bai zo ba ya kalla. Da suka ga har waɗanda suka halarta suna kallo, sai suka juya tsarin gaba ɗaya: bayani a gida, lokacin aji kuma a yi gwaji da warware matsala tare da malami. Yaron Kolorado wasa ke raba shi da aji. Yaron Liba dashen albasa ne, ko girbin shinkafa, ko ranar kasuwar Jega. Darasin da ya wuce shi ba ya dawowa, sai dai ya kwafi rubutun abokinsa ba tare da ya san ma'anarsa ba.

A Nijeriya wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001. Kafin intanet ya yi araha, mutane sun riga sun ƙirƙiro tasu hanyar: katin memori, Bluetooth, da masu turi a rumfunan cajin waya, inda za ka ba da 'yan kuɗi a cika maka waya da wa'azi, waƙa da fim. Masana aikin gona ne suka fara hawa wannan hanya da kimiyya. Daga 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da cibiyar binciken noma ta Nijar da ke da reshe a Maraɗi, ta yaɗa buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. An yi gajerun bidiyo na waya da harsunan gida ana nuna yadda ake matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Manomin da ya kalla ya koyi darasin ilimin halittu cikakke: ƙwaron wake yana numfashi, in ya cinye iskar da ke cikin buhu ba ta sake shiga ba, sai ya daina ci da haihuwa, ya mutu, ba tare da an zuba guba a abinci ba. Muryar Jamus kuma ta fara *Ji Ka Ƙaru* a 2008, shirin ilimantar da matasa da ake iya ji a rediyo ko a sauke.

A tsakiyar wannan zamani ne, a 2006, gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a garin Aliero. Jega kuma tana da kwalejin koyon aikin lafiya. Wato yankin da a da sai motar majigi ta kawo masa masani, yanzu masanan suna kwana a cikinsa.

Annobar korona ta 2020 ta tone inda aka tsaya. Da aka rufe makarantu a watan Maris, jihohin Arewa suka koma wa rediyo da talabijin, kusan irin tsarin shekarun 1960, da matsalolinsa na dā. Malamai da dama da kansu suka riƙa tura saƙon murya ta WhatsApp ga ɗalibai. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin darussa na intanet ga 'yan firamare da sakandare. Jaridar Aminiya tana fitar da fodkas irin su *Najeriya a Yau* da *Daga Laraba*, abin da ke nuna cewa masu sauraro da Hausa suna nan. Abin da har yanzu ya yi ƙaranci shi ne darasin kimiyya na aji, mai bin manhajar WAEC da NECO, da bakin malamin da ya san ƙasar.

Kuma kayan aikin suna tsakar gida. A makarantu da dama a duniya, abu na farko da ɗalibin ilimin halittu ke sa wa a ƙarƙashin madubin ƙara girma shi ne siririyar fatar cikin albasa. A ɓare ta, a shimfiɗa a kan gilashi, a ɗiga ruwan aidin, sai ƙwayoyin halitta su bayyana a jere kamar tubalin gini, kowace da ɗigon cibiyarta. Ƙasar Aliero tana ciyar da Nijeriya da albasa, amma yaran da ke cire ta daga fadama da yawansu suna zana wannan hoto daga allo ne, ba su taɓa ganinsa ba. Malami ɗaya da madubi ɗaya, in ya kanga kyamarar wayarsa a bakin madubin, ya gama aikin cikin minti uku. Haka darasin asid da kishiyarsa: a zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, jansa ya ƙara haske, a jefa kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Murya kaɗai tana isa ga bita da bayanin dalili, amma canjin launi sai ido, gani ya kori ji.

Ba na cewa bidiyo zai maye gurbin ɗakin gwaji. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar aikace dole hannunsa ya taɓa kwalba da ma'auni, kuma wajibi ne gwamnati ta samar da su. Akwai kuma gidajen da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, 'ya mace ita ce ta ƙarshe da za ta taɓa ta. Saboda haka darasin ya zama gajere, mara nauyi, wanda zai bi ta hannun masu turi ya shiga ƙaramar waya ba sai da data ba, a faɗi kalmar kimiyya yadda za ta zo a jarrabawa, a yi bayaninta da Hausa, sannan wani malamin ya duba kafin a saki, don kuskuren da aka naɗa ya fi na allo saurin yaɗuwa.

Malaman jami'ar Aliero, da na kwalejin Jega, da malaman kimiyya na sakandarorin Maiyama, ku ne kuke da ilimin, ku ne kuke da harshen. Ku raba manhajar aji ɗaya a tsakaninku a wannan zangon, kowa ya naɗi darasin da ya fi ƙwarewa a kai, ku miƙa wa shugabannin makarantu da rumfunan caji kyauta, har ya isa hannun ɗaliban Liba.