Daga Ƙaho Zuwa Makirufo: Shekara Ɗari Ana Neman Kunnen da Ya Dace da Murya

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin ƙananan situdiyoyin da ke Titin Gidan Zoo a Kano, ko makamantansu a Kaduna da Jos, ya san wannan gardama. Saurayi ya tara 'yan kuɗinsa, ya kama shago, ya sayi kwamfuta da fiyano, sai ya tsaya cik a kan tambaya ɗaya: wane makirufo zan saya? Wannan ya ce masa kwandensa, wancan ya ce dainamik. Na uku ya ce duk ɓata bakinsu suke yi, sirrin yana wurin firi'am, wato na'urar da ke karɓar sauti daga makirufo ta ƙara masa ƙarfi kafin ya shiga kwamfuta. Kowa da sunan kamfanin da yake rantsuwa da shi.

Mu ma mun sha wannan gardama, mun kuma yi asarar kuɗi a kanta. Abin da ya raba mana ita shi ne komawa baya mu ga inda waɗannan manyan sunaye suka samo asali. Gardamar ta kai shekara ɗari, kuma waɗanda suka riga mu sun bar mana darasi.

Zamanin ƙaho

A 1877 ne Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita ta. Amma kusan shekara hamsin bayan nan, babu makirufo a wurin ɗaukar faifai. Mawaƙi tsayawa yake yi gaban wani babban ƙaho mai kama da mazurari, ya rera da iyakar ƙarfinsa. Iskar muryarsa ta kaɗa wani ɗan faranti siriri a gindin ƙahon, farantin ya motsa allura, allura ta zana layi a jikin kaki. Daga wannan kakin ake buga faifan garmaho.

Ƙahon yana da zaɓe. Ba ya jin murya mai taushi, ba ya kama sautin da ya yi ƙasa sosai ko ya yi sama sosai, har harafin "s" da ƙyar yake fita. Idan mawaƙi zai ɗaga murya sai a ja shi baya, idan zai sassauta sai a tura shi gaba. Masu muryar ƙarfe su ne suka ci kasuwar. Babban misali shi ne Enrico Caruso ɗan Italiya, wanda aka ɗauki waƙoƙinsa goma a wani ɗakin otal a birnin Milan a 1902, faya-fayan suka zagaya duniya. Caruso ya rasu a 1921 bai taɓa ɗaukar faifai da makirufo ba. A wannan zamani na'ura ce ke zaɓen mawaƙi.

Ranar da wutar lantarki ta shigo

A 1916 wani injiniya mai suna Edward Wente, a kamfanin Western Electric na Amurka, ya ƙera makirufon kwandensa. Faranti biyu ne dab da juna, ɗaya kafaffe, ɗaya siriri ƙwarai mai rawa da zarar sauti ya taɓa shi, rawar kuma ta koma wutar lantarki. Yana jin abin da ƙaho bai taɓa ji ba. Sai dai wutar da yake fitarwa 'yar mitsitsiya ce, ba za ta iya motsa allura ba. Dole aka haɗa shi da na'urar ƙara ƙarfi mai aiki da kwalbar lantarki, irin kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da ke cikin tsofaffin rediyo. Ke nan makirufo da firi'am tagwaye ne tun ran gini, babu mai aiki sai da ɗan'uwansa.

A 1925 manyan kamfanonin faifai biyu na Amurka, Victor da Columbia, suka koma ɗaukar sauti da wannan tsari. Cikin ɗan lokaci aka jingine ƙaho. A 1928 Georg Neumann ya kafa kamfaninsa a Balin ta Jamus, ya fara sayar da kwandensa mai siffar kwalba. A farkon shekarun 1930 kuma kamfanin RCA ya fito da makirufo mai lamba 44, wanda zuciyarsa wani ziri ne na alminiyam, ya fi takardar sigari sirantaka, an rataye shi tsakanin maganaɗisu. Irinsa ake kira ribon.

Nan wani abu ya faru da ba a yi tsammani ba. Irin wannan makirufo, idan mutum ya matso kusa da shi, muryarsa takan yi kauri da ɗumi. Mawaƙa irin su Bing Crosby suka gane cewa ba sai sun yi ihu ba. Suka riƙa rera waƙa ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa masoyiyarsa raɗa. Wani sabon salon waƙa ya haihu daga jikin na'ura.

Mu da muka gaji waƙar fage ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Muryar Mamman Shata a fili aka horar da ita, inda dole ta hau saman kalangu da 'yan amshi da hayaniyar taro. Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, waƙarsa mai son a matso a saurara ce. Mawaƙin soyayya na yau da ke manna baki da makirufo yana fitar da numfashi, ya sani ko bai sani ba, yana cin gajiyar abin da aka gano ne shekara casa'in da suka wuce. Waɗannan muryoyi uku ba kunne ɗaya suke bukata ba.

Sarkin da kwalba ta sauke

A 1949 Neumann ya fito da U47, makirufon da har yau ake ambato da girmamawa. Shi ne kwandensa na farko da ake iya juya masa maɓalli ya saurari gabansa kaɗai ko ya saurari ko'ina. Yana fito da murya gaba, ta zauna a saman kiɗa. A Amurka da tambarin Telefunken aka riƙa sayar da shi, kuma da shi Frank Sinatra ya ɗauki shahararrun faya-fayansa bayan ya koma kamfanin Capitol a 1953. A situdiyon Abbey Road da ke Landan, mafi yawan muryoyin ƙungiyar Beatles ta U47 da ƙaninsa U48 suka bi.

To amma ina ya tafi? A cikinsa akwai wata kwalbar lantarki mai suna VF14, wadda Telefunken ke ƙerawa. Da Telefunken ya daina yin ta, Neumann ba shi da yadda zai yi. Ya fito da U67 a 1960 da wata kwalbar daban, sannan U87 a 1967 mai aiki da taransisto. Sarkin makirufo bai sauka don an sami wanda ya fi shi ba, kayan haɗa shi ne suka ƙare. Yau tsohon U47 mai lafiya yana iya kai kuɗin mota, kuma rabin kuɗin na suna ne da ƙarancinsa.

Akwai wani ɗan labari a nan da ya shafi kowane mai situdiyo. Maɓallin nan da aka rubuta wa 48V a jikin akwatin sautinmu, wanda in ba a danna shi ba kwandensa ba ya magana, daga ƙasar Norwe ya samo asali. A 1966 gidan rediyon ƙasar ya nemi makirufon da ba ya bukatar akwatin wuta na daban. Ginin nasu yana da wuta mai ƙarfin bolt 48 da aka tanada don fitilun ko-ta-kwana, sai Neumann ya tsara makirufon da zai sha daga ita ta cikin wayar da ke ɗauko sautin. Abin da ya fara a matsayin dabarar gida ɗaya ya zama doka ga duniya.

Mutumin da ya ba firi'am suna

Tsawon shekaru firi'am ɓoye yake a cikin babban teburin haɗa sauti, ba wanda ke tambayar sunansa. Rupert Neve ne ya sauya wannan. Baturen Ingila ne da aka haifa a 1926, ya girma a Ajantina, ya rasu a Amurka a 2021. A 1970 kamfaninsa ya haɗa wa situdiyon Wessex na Landan tebur, a cikinsa akwai wani sashe mai lamba 1073. Yana iya ƙara wa sauti ƙarfi har desibel 80, wato ninki dubu goma. Ƙananan taransfomomin da ke mashigarsa da mafitarsa suna ba murya wani kauri da kunne ke so. Daga baya, da aka fara wargaza tsofaffin tebura, injiniyoyi suka riƙa ciro waɗannan sassa suna sa su a akwati suna yawo da su. Daga nan firi'am ya zama abin da ake zaɓa shi kaɗai.

Ya kamata mu riƙe gaskiya ɗaya a nan. Babban aikin firi'am shi ne ya ƙara ƙarfi ba tare da ya ƙaro shuuu ba. Launin da yake ba murya gishiri ne a miya. Gishiri yana gyara miya, amma ba ya mayar da ruwa romo.

Darasin faifai biyu

A 1982 aka ɗauki kundin Thriller na Michael Jackson a situdiyon Westlake da ke Los Angeles. Quincy Jones ne ya jagoranci aikin, Bruce Swedien ne injiniya. Swedien yana da tarin makirufo masu tsada, har da U47. Amma ga mafi yawan muryar Jackson sai ya ɗauko Shure SM7, dainamik da aka fitar a 1973 musamman don gidajen rediyo, kuɗinsa bai kama ƙafar na Neumann ba. Jackson mawaƙi ne mai kaifin murya, mai rawa da buga ƙafa yana cikin waƙa, mai fashewa da ƙarfi ba zato. SM7 yana jure wannan, yana tausasa kaifin, ba ya kwaso duk motsin ɗaki. Kundin ya zama wanda aka fi saye a tarihi. Sai dai SM7 kurma ne ta wani fanni: yana bukatar firi'am mai ba da kusan desibel 60 masu tsabta. Wanda ya saye shi ya jona da akwatin sauti mai rauni zai ji shuuu ya fi murya. A nan ne tagwaitakar nan ta 1916 take dawowa.

Faifai na biyu na zamaninmu ne. Billie Eilish da yayanta Finneas sun ɗauki waƙarsu "Ocean Eyes" a 2015 a ɗakin kwana na gidan iyayensu, da Audio-Technica AT2020, kwandensa na kusan dala ɗari. Kundinta na farko na 2019 ma a ɗakin aka yi shi, da wani Neumann matsakaici, ya kuma ci kyautar Grammy ta ingancin ɗaukar sauti a 2020. Muryarta raɗa ce, ɗakin kuma cike yake da gado da labule masu shanye amsa-kuwwa. Kwandensa ya dace da ita kamar yadda dainamik ya dace da Jackson.

Mu dawo shagonmu

Idan muka jera waɗannan labarai, za mu ga babu inda makirufo ya yi suna shi kaɗai. Kullum akwai wata murya da wani ɗaki da suka dace da shi. Don haka tsarin zaɓe a bayyane yake.

Murya ce farko. Mai bege da ke ɗaga murya tare da mandiri, da mai waƙar nanaye, da alaramma mai karatu a natse, da mai karanta littafi don masu saurare a YouTube, kowa da abin da ya dace da shi. Harshenmu ma yana da nasa sharaɗi. Sautin "ts" da "ƙ" suna fita da kaifi, "f" ɗinmu kuma iska yake hurawa ta tsakanin leɓɓa. Kwandensa mai arha da aka ƙara wa ƙyalli yakan mayar da "tsuntsu" allura a kunne. Kafin mu biya kuɗi, mu gwada makirufo da baitin Hausa daga bakin wanda zai yi amfani da shi.

Na biyu ɗaki. Kwandensa ba ya zaɓen abin da zai ji. Zai ɗauki mawaƙi, ya ɗauki janareton maƙwabci, da fanka, da hon ɗin adaidaita sahu, da amsa-kuwwar bangon siminti. A shagon da ke bakin titi, dainamik da aka matso kusa da shi ya fi kwandensa mai tsada amfani. Kuɗin da za a ƙara a kan suna, gara a kashe shi wajen toshe ƙofa da lulluɓe bango. Ƙurar hunturu da laimar damina kuma abokan gabar farantin kwandensa ne, sai an riƙa mayar da shi akwatinsa. Kasuwa kuma cike take da jabu masu ɗauke da manyan tambura.

Firi'am shi ne na ƙarshe. Tambayar farko a kansa ita ce: zai iya ciyar da makirufon da muka zaɓa ba tare da hayaniya ba? In ya iya, ya yi aikinsa. Maganar launi sai ran da aljihu ya yi nauyi.

Akwai dalilin da ya sa muke ɗaukar wannan magana da muhimmanci. Yawancin abin da ya rage mana na Shata da Ɗanƙwairo da sauran magabata, kaset-kaset ne da aka kwafa daga kwafi, wasu an ɗauke su a gidan rediyo, wasu a tsakiyar biki. Muna sauraronsu da ƙurarsu da komai, muna cewa ina ma an ɗauke su da kyau. Muryoyin da ake ɗauka yau a shagunan Kano su ne abin da jikokinmu za su tarar. Saurayin nan da ke tsaye da kuɗinsa a hannu yana da kayan aikin da injiniyoyin Caruso ba su taɓa mafarkinsu ba. Abin da ya rage masa shi ne abin da Swedien ya yi a 1982: ya rufe ido, ya manta da tambari, ya saurari mutumin da ke gabansa.