Daga Gangaren Tudu zuwa Bakin Teku: Tarihin Tafiyar Mai Ƙaramin Guzuri

Mutanen Keffi sun riƙe abin teku a tafin hannunsu tun kafin yawancinsu su san ta inda tekun yake. Wurin da ake ƙirgawa a kasuwa a ƙarni na 19, a sayi gishiri ko a biya sadaki da shi, ƙwanson wata 'yar halitta ce ta ruwan gishiri. Jiragen Turawa ne ke kwaso shi daga tsibiran Maldibs da gaɓar gabashin Afirka, su sauke a tashoshi irin su Ikko (Legas) da Wida, sannan ya bi hannun fatake har ya hauro Arewa. Kuɗin ya zo daga teku cikin sauƙi. Mutum ya je can ya gani da idonsa, wannan kam sai mai babban dalili.

Garin da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, a ƙarƙashin sarautar Zazzau, ya zauna ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Zariya, ta gangara Loko a bakin Binuwai. Duk ayarin da ya nufi kogi sai ya yada zango a Keffi. Ta nan Bajamushe Gerhard Rohlfs ya bi a 1867, bayan ya ƙetaro hamada daga Tarabulus. Daga Keffi ya sauka Binuwai, ya shiga kwalekwale zuwa Lakwaja, ya haura Rabba, ya bi ta Ilorin, kuma sai da ya shafe watanni kafin ya hango ruwan Ikko. A 1885 wani ɗan ƙasarsu, Paul Staudinger, ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren: daga Loko zuwa Keffi, ya wuce Zariya da Kano har Sakkwato. Waɗannan mutane ne masu 'yan dako da takardun sarakuna. Talaka ba shi da ko ɗaya.

Dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci a nan. Da yawa daga 'yan Arewan da suka fara ganin teku ba da son ransu suka je ba. A wancan zamani Keffi kanta cibiya ce ta hare-haren kamun bayi a kan al'ummun da ke kewaye da ita, kuma wasu daga waɗanda aka kama a faɗin ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ƙare a cikin jiragen da ke tashi daga Badagry da Ikko. A Bahiya ta ƙasar Birazil, an samu Hausawa suna shirya tawaye a 1807, sannan Musulmin can suka yi babban boren 1835. A Ikko ma, rundunar da John Glover ya haɗa a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, akasarinta bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. Wanda ya je Badagry a yau, ya haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu, ya taka hanyar yashin da ta kai inda ake loda mutane, yana tafiya ne a kan sawun 'yan uwansa.

Sai goro ya buɗe hanya ta biyu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun daɗe suna zuwa Gwanja da jakuna, su sayo goro a kasuwar Salaga. Ayari yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, malami yana zaɓen ranar tashi yana kuma rubuta lissafi. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya biyan kuɗin fito shi kaɗai, ba ya iya tare 'yan fashi shi kaɗai, amma idan ya shiga ayari sai nauyin ya rabu a kan mutane da yawa. Daga wajen 1880 wasu suka gane cewa goron zai fi saurin isowa ta ruwa. Suka riƙa shiga jiragen ruwa masu hayaƙi tsakanin gaɓar Gwalkwas da Ikko, suna kwana a fili a saman jirgi tare da huhunan goronsu, domin nan ne kuɗin ya fi sauƙi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara tura cinikin zuwa bakin teku, unguwannin zango kuma suka bunƙasa a Ankara da Lome da sauran garuruwan gaɓa.

Jirgin ƙasa ya taƙaita komai. Layin dogo da ya taso daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, daga 1912 kuma mutum na iya hawa a Kano ya sauka a tashar Iddo, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Abin da ake yi a wata da watanni ya koma 'yan kwanaki. Sai dai dogon bai bi ta Keffi ba. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi da Lafiya da Gudi ne ya haɗe da Kafanchan, gadar Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Bakefe mai son zuwa kudu sai ya fara neman hanyar Gudi tukuna, garin kuma ya rasa matsayin da yake da shi a zamanin jakuna.

Amma abin da ya fi jirgi muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne masauki. A Agege da Idi-Araba da Obalende, a Sabon Shagamu, a Sabon Ibadan da aka kafa a 1916, an gina wani tsari wanda ya sa baƙo daga Arewa ba ya buƙatar otal. Ya sauka daga jirgi da buhunsa da butarsa, ya tambayi gidan wane, a raka shi. Mai gida ya ba shi tabarma a zaure ko ɗakin baƙi, da dare a kawo tuwo, ya ajiye kuɗinsa a hannun mai gidan ba tare da rubutu ba, a haɗa shi da dillali, a kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Mai gida ba ya cewa a biya kuɗin kwana. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin da baƙon zai yi, da kuma sunan da yake samu a gida idan baƙon ya koma yana yabo. Masanin nan Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi ke tafiya a kan amana tsakanin mai gida da baƙonsa. A saman masu gidaje akwai Sarkin Hausawa, wanda ƙofarsa ce mafakar duk wanda ya sauka bai san kowa ba. Ko a Kalaba akwai Bogobiri, unguwar da ɗan Arewa zai ji kiran salla ya samu shayi da tsire kamar yana gida.

Duk wannan tafiyar neman abinci ce. Zuwa don kallo da buɗe ido ya zo daga baya, kuma daga sama ya faro. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a 1921 ya bi ta Ingila zuwa aikin Hajji. Abubakar Imam ya tafi Ingila ta ruwa a 1943 tare da tawagar 'yan jarida, ya dawo ya ba da labari a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ta cikinsa ne ɗalibai da yawa suka fara sanin yadda rayuwa a kan teku take. Bayan haka sai aikin albashi ya kawo hutun shekara da kuɗin hutu. Dokar ƙwadago ta tanadi aƙalla kwana 6 na aiki ga wanda ya cika wata 12 yana aiki. A 1973 aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, ta riƙa jefa matasan Arewa a Legas da Ribas da Kuros Riba. Nan ne ɗan malamin makaranta ko ɗan manomi ya fara tsayawa a gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa, ya ɗanɗana da yatsa ya tabbatar da gishirin da ake faɗa.

Wurin da kowa ke nufa a lokacin shi ne Bar Beach, a tsibirin Biktoriya. Ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi. Ranar hawan salla ko Kirsimeti, iyali su shigo motar haya daga Agege da kular shinkafa, a shimfiɗa zane a kan yashi. Masu dawakai, da yawansu 'yan Arewa, suna zagayawa da yara a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai hoto na yawo da kyamara a wuya. Hoton nan na mutum ya naɗe ƙafar wando, ruwa na dukan idon sawunsa, shi ne shaidar da ake kaiwa gida a rataya a ɗaki. Can gefe masu fararen riguna na cocin Aladura suna addu'a da ƙararrawa. Wurin yana da nasa baƙin tarihin kuma, domin a nan gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, ciki har da Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971.

Yau babu Bar Beach. Teku ya yi ta cin gaɓar har yana malalowa kan titin Ahmadu Bello, daga bisani aka cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic. Sauran wuraren da suka yi suna, irin su Elegushi da Oniru, sai an biya kuɗin shiga, wasu ma har da kuɗin kujera da na shigar da abincin da mutum ya zo da shi. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake isa. A watan Afrilun 2024 aka rushe sashen Landmark Beach domin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita kusan 700. Kafin nan, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota. Abin da kakan mutum ya gani kyauta, jikansa sai ya yi lissafi kafin ya gani.

Duk da haka ana zuwa, kuma idan aka lura da yadda mai ƙaramin albashi a unguwa irin Gangaren Tudu ta Keffi zai iya haɗa tafiyar kwana uku ko huɗu, za a ga tsohon tsarin ne bai mutu ba. Kuɗin ta hanyar adashi yake taruwa. Tafiyar ta mutum huɗu ko biyar ce, a raba kuɗin ɗaki da na motar cikin gari, wato ayari ke nan a ƙaramin siffa. Guzuri bai canja sosai ba: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, abubuwan da ba sa lalacewa a hanya kuma suke hana mutum sayen abinci mai tsada a bakin ruwa. Masauki kuwa har gobe waya ɗaya ce zuwa ga ɗan unguwa da ke sana'a a Mile 12 ko Agege. Sai dai ladabin masaukin yana nan yadda yake: a sanar kafin a taso, a riƙe tsaraba, kada a wuce kwanakin da aka ambata, domin mai gidan na yau ɗakin haya yake ciki, ba gidan dillali mai ɗakuna goma ba.

Hanyoyi biyu ne a gaban Bakefe. Ta yamma ta bi Mararaba zuwa Abuja, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai, sannan Lakwaja da Okene da Ibadan har Legas. Wanda ya ga dama ya sauka a Ibadan ya ƙarasa a sabon jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021. Ta gabas ta bi Akwanga da Lafiya da Makurɗi, ta ratsa Ogoja da Ikom zuwa Kalaba. Kalaba a bakin kogi take. Mai son ganin buɗaɗɗen teku sai ya ƙarasa Ibeno a jihar Akwa Ibom, kusa da Eket. Kowace aka ɗauka, wuni guda ne cur a mota, kuma halin da hanyoyi ke ciki ya sa tashin asuba ya fi tafiyar dare hankali. Lokaci ma yana da tasiri a aljihu. A watan Disamba kuɗin mota da na ɗaki suna tashi, musamman a Kalaba inda ake bikin kanibal tun 2004. Yuni da Yuli kuma ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa a Legas. Makonnin bayan sabuwar shekara, lokacin da jama'a suka watse kuma sama ta bushe, sun fi dacewa da mai ƙididdigar kuɗinsa.

Akwai abu ɗaya da wanda ya girma yana wanka a kogin Antau ya kamata ya sani: iya iyo a rafi ba ya aiki a Atilantika. Igiyar tana da ja ta ƙarƙashi wanda ke kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafa ya janye mutum ciki, kuma wurare da yawa ba su da masu ceto. A watan Agustan 2012 tumbatsar teku ta afka wa Kuramo Beach a Legas ta ci rayuka. Tsayawa inda ruwa bai wuce gwiwa ba ya isa a ce an ga teku, hannun yaro kuma ba a sakinsa.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma rabon ɗan Keffi a cikinta daidai yake da na ɗan Lekki. Ya kamata gwamnatocin Legas da Ondo da Akwa Ibom da sauran jihohin gaɓa su ware wa jama'a wurare masu tsabta, da masu ceto da bandaki da wajen salla, inda ba a karɓar kuɗin ƙofa. Iyalin da suka yi wata shida suna zubin adashi, suka yi wuni a mota daga Nasarawa, bai dace a tare su a bakin shinge ana tambayarsu tikiti ba.