Gogen Amurka a faifan garmaho: wa anka ɗauka, wa anka bari?

Yau kudancin Amurka za mu leƙa, shekara ɗari baya. Mutanen karkarar can su ma suna da nasu goge, sai dai na katako ne mai tsirkiya huɗu, ana dafe shi a kafaɗa ko a ƙirji, ba kamar namu na ƙwarya mai tsagiya guda ba. Daren Asabar sai a kwashe kayan ɗaki, mai goge ya zauna, mai banjo na gefensa, a yi ta rawa har dare ya raba. Ba takarda, ba makaranta: yaro da kunne yake ɗaukar kiɗa wurin ubansa ko maƙwabci. Wasu kaɗe-kaɗen da baƙi sunka zo daga Ingila da Sikotlan da Ailan, wasu nan anka haife su.

A 1922 wani mai goge daga Texas, Eck Robertson, ya je birnin Niyok ya shiga kamfanin Victor, anka ɗauki kiɗansa. Cikin abin da ya kaɗa akwai "Sallie Gooden", shi kaɗai ba mai raka shi, yana jujjuya kiɗa guda salo bayan salo. Har yau masu goge na koyonsa daga wannan faifan. Amma kasuwa sai a watan Yunin 1923 ta buɗe, a birnin Atlanta. Wani ɗan kasuwa mai sayar da garmaho, Polk Brockman, ya matsa wa Ralph Peer na kamfanin OKeh ya ɗauki John Carson, tsohon ma'aikacin masaƙar auduga. Peer kiɗan bai yi masa ba, amma faifai 500 na farko nan da nan sunka ƙare. Da kamfanoni sunka ji ƙamshin kuɗi, sai sunka bazu cikin kudu da na'urorinsu. Charlie Poole da ƴan ƙungiyarsa sun sayar da faifai guda fiye da 100,000 a 1925, ƙungiyar Skillet Lickers kuma, da makahon mai jitarta Riley Puckett, ta fara da Columbia a 1926.

Ɗaukar ba wasa ba ce. Kafin makirfo ya shigo a 1925, makaɗa cunkusuwa suke yi gaban wani babban ƙaho, allura na zana sautin a kan kaki. In an yi kure, sai a sake daga farko. Kuma fuskar faifai guda minti uku take ɗauka, alhali a filin rawa kiɗa ba ya tsayawa sai ƙafafu sun gaji. Ke nan abin da ya iso gare mu gutsure ne.

To ga inda muke son ku kasa kunne. Kiɗan ga ba na farar fata kaɗai ba ne. Tun zamanin bauta, bayi baƙar fata ne ke kaɗa goge a bukukuwan iyayengijinsu da nasu. Solomon Northup, ɗa ne ba bawa ba, da alƙawarin aikin goge anka yaudare shi a 1841, ya yi shekara 12 cikin bauta. Banjo kuwa bayi ne sunka ƙirƙiro ta, da ƙwarya da fata da sanda. Wanda ya san gurmi, in ya ga hoton ta dā, zai gane dangi. Haɗa goge da banjo, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan, a hannunsu ya girma.

Sai kamfanonin sunka raba kasuwa gida biyu: jerin faifan fararen ƙauye daban, na baƙar fata daban. Goge da banjo anka ba farare, baƙar fata kuma anka fi neman blus da jaz da waƙoƙin coci a wurinsu, don su ake ganin za su sayu. Wanda ya zo da tsohon kiɗan rawa, da wuya ya samu shiga. Kaɗan sun kutsa. A 1927 Andrew Baxter ya kaɗa goge tare da fararen ƙungiyar Georgia Yellow Hammers, Jim Booker ma ya ja gaban Taylor's Kentucky Boys a kamfanin Gennett cikin shekarar. Mississippi Sheiks sun yi tashe a 1930, amma ta hanyar blus. Mu dai a ganinmu asarar ta yi yawa, domin waɗanda sunka zo daga baya faifai sunka ɗauka a matsayin shaida, sunka ce ashe kiɗan farare ne. Mu ma nan mun san masu goge nawa sunka tafi ba ko kaset guda, don mai na'ura bai bi ta garinsu ba.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta durƙusar da cinikin faifai, rediyo kuma ya kawo sabon yayi. A Carolina ta Arewa dai wani baƙar fata, Joe Thompson, ya riƙe kiɗan gidansu har tsufa. A 2005 matasa uku baƙar fata, cikinsu da Rhiannon Giddens, sunka riƙa zuwa gidansa suna koyo da kunne. Su ne sunka kafa Carolina Chocolate Drops, wadda ta ci kyautar Grammy a 2011. Tsohon ya rasu a 2012, yana da shekara 93.